Sunan da Na Kankare a Gidan Baba Sisil

A unguwar Al Qusais ta Dubai na fara sauka, a wani fulat mai ɗaki biyu a hawa na huɗu, inda ejan ɗinmu Oga Danladi yake ajiye matan da ya kawo kafin a samo musu gida. A can gida an ce mini aikin shago ne, jera kaya kawai zan riƙa yi a kanta. Ranar da na iso ya karɓi fasfona ya zura a aljihu, ya ce shago ya cika, aikin gida ne ya rage, in ba na so ga ƙofa nan. Ni da ko sunan unguwar ban iya faɗa daidai ba, ƙofa ta kai ni ina?

Sunana Saratu, daga wani ƙauye kusa da Ƙafur. A aji biyar na firamare karatuna ya tsaya. Na baro 'yata Hannatu wajen Inna, shekararta ɗaya da wata tara, kuma tana da sikila. Ubanta ya tafi Legas neman aiki, tun wata na biyu wayarsa ta daina shiga. Sati biyu kafin in taso aka yaye ta, don haka kwanakin farko a Al Qusais nono yana ta zuba, ina cusa tsumma a riga kada a gani. Wata 'yar Maraɗi da shimfiɗarta ke kusa da tawa ta lura. Ta dafa ruwa, ta jiƙa tawul ta miƙo mini. Har aka zo aka ɗauke ta ban san sunanta ba.

Gidan farko kwana goma sha biyu na yi. Matar gidan takan hau kujera ta shafa saman ƙyaure da yatsa, ta sauko ta kawo yatsan daf da idona. Ni a saninmu shara ƙasa ake yi wa, ban taɓa jin inda ake share saman ƙofa ba. Ta mayar da ni, ta ce ban iya tsafta ba. Gida na biyu na kusa wata guda, na koyi injin wanki, na koyi goge gilashi har sai ya yi ƙara. Wata rana Inna ta bugo ta ce ciwon Hannatu ya tashi, suna asibitin Malumfashi. Uwar gidan ta shigo kicin ta same ni ina kuka a kan tukunya. Ta ce ba ta son mai kuka kusa da 'ya'yanta.

Da aka sake sauke ni a Al Qusais, Oga Danladi bai yi faɗa ba. Yana danna waya ya ce, "Saratu, saura ɗaya. In aka ƙara dawo mini da ke, khalas, shi ke nan, zan soke bizar in sa ki a jirgi."

Na san abin da jirgin nan yake nufi. Inna ta sayar da saniyarta ɗaya tilo kafin in zo. In na koma hannu biyu, babu maganin Hannatu na wata-wata, babu abin da za a yi ranar da likita ya ce a ƙara mata jini. Tun daga ranar na ɗaura wa kaina cewa duk gidan da aka kai ni, ko allura ce sai na wanke ta.

Gida na uku a wani dogon bene yake, a hanyar Jebel Ali, hawa na goma sha tara. Da aka buɗe ƙofa na ga mace baƙa kamar ni, na ɗauka 'yar Ghana ce. Madam Joyis ke nan, tana aiki a wani kamfanin jiragen ruwa a tashar Jebel Ali ɗin. Aikina in kula da gidan da kuma mahaifinta, Baba Sisil, tsoho mai shekara tamanin da biyar, dogo, siriri, kullum cikin farar riga mai maɓalli har wuya. Su mutanen wani tsibiri ne a Karebiyan, can ƙetaren teku. Ranar farko ya tambaye ni daga ina nake, na ce Najeriya, ya ce wataƙila ma 'yan'uwa ne mu, daga wajenmu aka kwaso kakanninsu. Turancina na aji biyar ne da ɗan na coci, nasa kuma yana lanƙwasa kamar mai rera waƙa, amma yana magana a hankali, in ban gane ba ya sake. Bai iya cewa Saratu ba, Sera yake kirana. Madam ta ce wata ɗaya ne na gwaji, in ta gamsu sai a sa hannu a kwantiragin shekara biyu.

Baba Sisil ba ya buƙatar riƙo. Shi yake aske gemunsa, shi yake haɗa shayinsa, ya karanta jarida da gilashi mai kauri. Ranar Juma'a kuwa, da yake ita ce ranar hutu a lokacin, tun da sassafe yake sa hula ya ɗauki sandarsa ya sauka shi kaɗai. Akwai wani fegi na yashi bayan benen inda leburori 'yan Pakistan da Indiya suke buga wani wasan ƙwallo da ake kira kurket kafin rana ta yi zafi. Daga baranda nakan hango shi, sun juya masa bokiti ya zauna, yana ɗaga sanda yana yi musu gyara. Duk sati Juma'ar nan yake jira.

A sati na uku Madam ta yi tafiyar aiki ta kwana shida. Ranar Juma'a da Baba ya fita na ce yau ɗakinsa zai ga tsafta, Madam ta dawo ta san ta samu 'yar aiki. Na janye gado, na goge saman ƙyaure, na goge bayan talabijin. A lungu bayan kujerarsa na ga wani katako a jingine, mai faɗi da mariƙi, kamar madaɓin da muke daɓe ɗaki da shi. Ya yi baƙi ƙirin, yana danƙo a hannu, an naɗe tsakiyarsa da zare. A fuskarsa akwai wasu zane-zane da suka dushe, sama zuwa ƙasa. Na gan su, ba zan ce ban gani ba. Na ɗauka jagwalgwalon yara ne da datti ya rufe. A gidanmu duk abin da yake na itace, muciya ce, akushi ne, turmi ne, in ya yi haka toka da yashi ake sa masa a dirje a shanya.

Na kai shi banɗaki. Na sa soson ƙarfe da garin sabulu, da baƙin ya ƙi fita na ƙara ruwan bilic. Na fi rabin awa a kansa. Ruwan da ya gangara kamar shayi. Na shanya shi a baranda, kafin ƙarfe goma ya bushe ya yi fari tas, har daɗi na ji.

Baba ya dawo yana fara'a, yana ba ni labarin wani yaro da ya iya jifa. Ya shiga ɗaki, sai na ji shiru. Na ɗauko katakon da hannu biyu na kai masa, ina murmushi.

Ya karɓa. Ya juya bayansa, ya sake juyo gabansa. Ya cire gilashi ya goge ya mayar. Sannan ya sa babban yatsansa can ƙasa, kusa da bakin katakon, yana shafa wuri ɗaya kamar mai neman ƙaya. Ya daɗe a haka. Ya zauna a bakin gado, ya ce in ja masa ƙofa.

Abincin rana ya huce a tebur. Da la'asar na sauka wajen mai gadin benen, wani ɗan Pakistan mai suna Akram, wanda yakan taya ni ɗaukar ledar cefane. Na kwatanta masa da hannu abin da na yi. Ya dafe kansa. Ya ce da wannan katakon ake bugun ƙwallo a kurket, Baba ya taɓa nuna masa shi sau ɗaya, bai ma bari ya taɓa ba. Zanen da na gani sunayen 'yan wasa ne, kowa da hannunsa ya rubuta, tun kafin a haifi uban Akram. Na tambaye shi ko akwai inda ake gyarawa, na ji ana cewa a Ras Al Khor babu abin da ba a gyarawa. Ya ce in an shafa masa mai zai iya dawo da launin itacen, amma tawada ta tafi ke nan.

Na hau lifta na koma sama. Na buga wa Talatu waya, wata 'yar Zonkwa da muka zauna tare a Al Qusais, ta fi ni daɗewa a ƙasar. Ta saurare ni har ƙarshe, sannan ta ce, "Ke dai ba ki da wayo. Tsoho ne fa. Ki ce shi ya sa ki. In ya musa, ki ce ya manta. Wa zai yarda da ɗan shekara tamanin?" Na ce ba zan iya ba. Ta ce to in fara haɗa jakata.

Washegari da safe na kai masa shayi, na ajiye, na durƙusa a ƙasa gwiwa biyu kamar yadda ake ba babba haƙuri a wajenmu. Ya firgita, har ya kusa ture kofin.

"Tashi, Sera. Tashi. A gidan ubana ba a durƙusa wa mutum."

Na ce haka muke yi in mun yi laifi. Ya ce to in yi a kan kujera. Na zauna a bakin kujera ina kuka, na gaya masa komai da guntun Turancina: yatsan matar gidan farko, da Oga Danladi, da Hannatu. Bai ce ya yafe ba, bai ce bai yafe ba. Ya ɗora katakon a cinya ya ce, tunda na wanke, ya kamata in san abin da na wanke.

Kwana huɗu yana ba ni labarin, kaɗan-kaɗan, bayan shayin safe. Katakon na mahaifinsa ne. A zamanin, kafin Yaƙin Duniya na biyu, filin kurket na tsibirinsu na Turawa ne da masu gonakin rake. Mahaifinsa lebura ne a filin. Shi da wasu mutum uku suke jan wani ƙaton ƙarfe mai nauyi suna daɓe wurin wasa, ya yanke ciyawa, ya ɗebo ruwa. Da yamma in masu filin za su gwada hannu, sai a kira shi ya jefa musu ƙwallo, ƙafarsa ba takalmi. Sukan ɗora sule ɗaya a kan sandar tsakiya cikin sanduna ukun da ake kafawa, in ya kayar da ita sulen nasa ne. Baba ya ce har sai da suka daina ɗorawa, don kullum shi yake kwashewa. Babu mai saurin jifansa a tsibirin. Wani lauya ya taɓa kwana biyu a asibiti saboda ƙwallon da ya jefa ta same shi a haƙarƙari.

Da za a haɗa 'yan wasa daga tsibirai a tafi Ingila, an yi ta gardama a kansa, wasu suka ce lebura ba zai zauna tebur ɗaya da su ba. Amma suna son cin wasa, dole suka ɗauke shi. Sati biyu a jirgin ruwa yana amai. Da suka isa, sanyi ya farfasa masa yatsu har ƙwallo tana fita hannunsa da jini. A wasu filayen ƙofar da zai shiga daban, ta manya daban. Ya bar matarsa da tsohon ciki, cikin Baba Sisil ke nan, wata biyar bai san ko ta sauka lafiya ba. Wasiƙa ta zo, amma bai iya karatu ba, ya yi kwana uku da ita a aljihu yana jin kunyar ba wani ya karanta masa.

Wani malamin makaranta a cikin 'yan wasan shi ya gane. Shi ya karanta masa cewa an samu ɗa namiji, kuma shi ya riƙa zaunar da shi a bayan ɗakin canza kaya yana koya masa rubuta sunansa, don ya daina yin gicciye a littafin masauki mutane suna kallo. Da aka gama wasannin, kyaftin ya ɗauko katako ya ce kowa ya sa hannu a ba wanda ya fi kowa fitar da abokan karawa daga wasa da jifansa. Shi ne mahaifin Baba. Manya suka sa a sama. Shi ya sa nasa a ƙarshe, can ƙasa, haruffan manya-manya, sun karkace kamar shinge bayan ruwa.

Ya ƙara tafiya sau ɗaya bayan wannan, kafaɗarsa ta lalace, aka daina kiransa. Ya koma jan ƙarfen nan a filin da aka taɓa ɗaga shi sama, daga baya ya zama mai gadi a tashar jirgin ruwa. Har ya mutu bai taɓa shan ruwa a cikin ɗakin hutawar masu filin ba. Baba ya ce shi kansa bai gaji hannun ba, malamin makaranta ya zama. Ya ce sauran sunayen ba su dame shi sosai ba, waɗancan suna cikin littattafai. Mahaifinsa bai bar wasiƙa ba, bai bar takarda ba. Abin da ya rubuta da hannunsa a duniya ke nan, kuma tun da aka kawo Baba Dubai kullum da safe sai ya duba shi.

Ranar Laraba da rana Madam ta dawo. Na riga na ninke kayana a jaka na tura ƙarƙashin gado. Ta shiga gaida mahaifinta, ina tsaye a bakin ƙofa. Idonta ya sauka a kan katakon. Ba ta ɗaga murya ba. Ta tambaya waye ya yi wannan, ta juyo ta dube ni, ta ciro waya. Na ga sunan Oga Danladi a fuskar wayar. Na buɗe baki ke nan, Baba ya riga ni.

"Ni na sa ta," in ji Baba.

Madam ta tsaya.

"Na ga ya yi datti, na ce ta wanke. Ta ce a'a, na matsa mata. Ki bar yarinyar nan."

Madam ta zauna kusa da shi a hankali, ta kama hannunsa. Ta ce, "Dadi, ka san ko katakon waye wannan?"

Ya ce ya sani. Ya juya yana kallon taga.

Ta daɗe tana dubansa. Sannan ta tashi ta shiga ɗakinta ta rufe, na ji tana magana da yayanta a waya tana shessheƙa. Kalma ɗaya na riƙa ji tana maimaitawa, wadda daga baya na gane sunan ciwon mantuwa ne na tsofaffi. A ganinta, mutumin da ko ita bai yarda ta goge wa katakon nan ƙura ba, in har shi ya ce a sa masa bilic, to kansa ya fara taɓuwa. Ban zarge ta ba. Ni ma da ni ce ita haka zan ɗauka. Ina jin ko Baba bai hango inda maganarsa za ta kai ba.

Sati bai zagayo ba aka kai shi wajen likitan ƙwaƙwalwa, ni ce na riƙe jakar. Aka tambaye shi yau nawa ga wata, ya kuskure da kwana ɗaya. Aka ba shi kalmomi ya riƙe, ya manta ɗaya. Ni da nake da shekara ashirin da huɗu da an tambaye ni da na manta biyu. Madam ta ba likita labarin katakon. Likita ya dubi Baba, Baba ya ce haka aka yi. Aka rubuta masa wata ƙaramar ƙwaya, kullum ɗaya da safe. Likita ya ce kada a riƙa canza masa fuskoki a gida, wadda ya saba da ita ta zauna.

A ranar Madam ta sa hannu a kwantiragina. Ta rungume ni a kicin, ta ba ni haƙuri a kan zargin da ta yi mini, ta ce in zama idonta. Ta karɓe makullin Baba. Ta ɗauke rezar askinsa. Ta sauka ta gaya wa Akram cewa daga yau kada ya bar tsohon ya fita shi kaɗai. Ina tsaye a bayanta lokacin. Akram ya ce to, Madam, ya ɗago ya dube ni. Bai tona ni ba, amma daga ranar bai ƙara taya ni ɗaukar leda ba.

Ranar Juma'a sai in raka Baba fegin, ina biye da shi da laima da gorar ruwa. Leburorin sun ji labari, suka daina yi masa gardama in ya yi gyara, sai su ce yes uncle su ci gaba da abinsu. Bayan wata biyu ya ce ya gaji da zuwa. Ƙwayar tana tayar masa da zuciya, ya rage cin abinci, wuyan rigarsa ya yi masa yawa.

Shekara uku na yi a gidan, har da sabunta kwantiragi. Albashina bai taɓa makara ba, maganin Hannatu bai taɓa yankewa ba, yanzu tana aji uku. A shekara ta biyu Baba ya fara mantuwa ta gaske, yana kirana da sunan matarsa da ta rasu. Har yau ban sani ba, ko dama tana tafe, ko zaman ɗaki ne ya jawo ta. A shekarar korona ya rasu, a kan gadonsa, ba cutar ce ta ɗauke shi ba. Madam ta raka ni filin jirgi da kanta, ta cika mini jaka biyu. Ban gaya mata ba. Na gaya wa fasto, na gaya wa Inna, ita ban gaya mata ba.

Sau ɗaya kawai na yunƙura, wajen wata na uku, lokacin hankalinsa yana nan garau. Da safe ne, Madam tana wanka. Na kawo ƙwayar a ƙaramin faranti da kofin ruwa, na tsaya a gabansa na kasa miƙawa. Na ce, "Baba, yau zan faɗa wa Madam. Ni na yi, ba kai ba."

Ya tambaye ni yaya jikin Hannatu. Na ce an ƙara mata jini satin da ya wuce, Inna ta ce ta fara cin tuwo.

"To ba ni ruwan," ya ce.

Na ba shi. Ya ɗauki ƙwayar ya haɗiye, sannan ya buɗe baki ya ɗaga harshe, kamar yadda Madam ta ce in riƙa sa shi yana yi don a tabbata bai ɓoye ba. Na kau da kai.

"Duba da kyau, Sera. Za ta tambaye ki."

Na sunkuya na duba. Ya haɗiye.